Baƙin da Suka Ci Burodin Babana a Zuru

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya shafe mafi yawan shekarun ƙarfinsa yana aikin kuku a wani masaukin baƙi na 'yan mishan a ƙasar Zuru, kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ni kuwa a bayan kicin ɗin gidan na tashi, tsakanin tarin itace da randunan ruwa. Ba zan ambaci sunan gidan ko na cocin da ke da shi ba, domin har yau akwai waɗanda ke cin abinci a wurin. Mu Musulmi ne, kuma a Zuru wannan bai taɓa zama abin mamaki ba, tun da yake gari ne da za ka samu liman da fasto sun fito daga tsatso ɗaya. Baba yakan yi sallar asuba a kan buzunsa a gefen sito, ya shafa addu'a, sannan ya wanke hannu ya kwaɓa fulawar burodin da za a ɗora a teburin da ake buɗe Littafi Mai Tsarki kafin a karya kumallo.

A takardunsu ana kiran baƙin namu masu aikin sa-kai, amma ban cika son amfani da wannan suna ba, domin a Zuru ta yau idan ka ce 'yan sa-kai, abin da zai faɗo wa mutum a rai shi ne matasan da suka rataya bindiga suna tsaron ƙauyuka daga 'yan fashin daji. Mu dai Turawa muke ce musu gaba ɗaya, ko daga Amurka mutum ya fito, ko Kanada, ko Ingila, ko Jamus, har ma da 'yan Koriya da suka riƙa zuwa daga baya. Wadda ta rikita mana lissafi ita ce wata baƙar fata 'yar Amurka, wadda tsofaffin mata a kasuwa suka riƙa yi wa Hausa, idan ta yi shiru suka ce girman kai ne irin na 'yan boko. Sai da Baba ya bi rumfa-rumfa yana bayani kafin a yafe mata.

Zuwan Turawan mishan wannan yanki ya samo asali ne tun shekarun 1920. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita musu shiga manyan masarautun Musulmi, sai suka karkata zuwa wuraren da addinin gargajiya ke da ƙarfi, irin ƙasar Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Dukkawa da Kambari. Daga aikin waɗancan na farko ne cocin UMCA, wato United Missionary Church of Africa, da ake gani a yankin ya samu, kuma tare da su aka samu makarantu da ɗakunan shan magani, da asibitin Tungan Magajiya da ke kan hanyar Kwantagora, a cikin Jihar Neja ta yanzu. Waɗancan sukan zo ne da niyyar tsufa a nan. Waɗanda na sani a shekarun 1990 zuwa gaba wani iri ne daban: nas-nas, da malaman makaranta, da masu haƙa rijiya, da masu nazarin harsuna, da ɗaliban da suka gama jami'a ba su riga sun yanke shawarar abin da za su yi da rayuwarsu ba. Wani zai yi shekara biyu, wani wata uku, wani mako biyu kacal.

Sukan iso ne da yamma liƙis, a galabaice, ko dai ta Kwantagora da Rijau idan a Abuja suka sauka, ko ta Gusau da Anka da Daki Takwas idan jirginsu Kano ya ajiye su. Abin farko da uwargidan da ke riƙe da masaukin take nuna wa baƙo ba ɗakinsa ba ne, tukunyar tace ruwa ce. Wasu bokitai ne biyu na ƙarfe, ɗaya a kan ɗaya, da wasu fararen duwatsu masu kama da kyandir a cikin na saman, ruwa yana tsattsafowa ta jikinsu yana ɗiga a na ƙasa. Kafin ruwan ya kai ga wannan tukunya sai an ɗebo shi daga rijiya, an tafasa shi a kan murhu, an bar shi ya huce, kuma wannan duka aikina ne da na ƙanena idan muna hutun makaranta. Da wannan ruwa suke sha, da shi suke wanke baki, da shi ake yin ƙanƙara. Tumatir da latas kuwa sai an jiƙa su a ruwan da aka ɗiga wa ɗan bilic. Ina yaro na ɗauka tsabar ƙyanƙyami ne, har sai da na ga abin da kofi ɗaya na kunun zaƙin bakin titi ya yi wa wani ƙato mai gemu, wanda ya kwana uku yana safa da marwa tsakanin gado da bayan gida, Baba yana haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, yana cewa, “Sannu Malam, cikinka ne bai san mu ba tukuna.”

Ranar gidan a tsare take kamar ta barikin soja. Da ƙarfe bakwai saura ake kaɗa ƙararrawa, su taru a falo su yi addu'a da waƙa ɗaya ko biyu, sannan a zauna cin burodi da ƙwai da shayi, wani lokaci da ƙosai ga waɗanda harshensu ya fara sabawa. Daga nan kowa ya kama gabansa: nas ta hau bayan babur zuwa ɗakin shan magani, malami ya tafi aji da ƙafa, masu rijiya su cika motar a-kori-kura da bututu da siminti su nufi ƙauyukan wajen Ribah ko Dirin Daji. Da azahar a dawo a ci babban abinci, sannan gida ya yi tsit har la'asar, domin dokar gidan ce kowa ya kwanta, kuma duk wanda ya raina wannan doka a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, jikinsa ne zai gaya masa. Da magariba, idan babu wuta, a tayar da janareta na awa biyu ko uku, gwargwadon yadda man fetur ya samu, kuma a ƙarshen shekarun 1990 samun nasa ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙarfe tara na yi maigadi ya kashe inji, a koma ga fitilar ƙwai.

Abin da ya fi kowa daraja a gidan, in ka ɗebe mutane, shi ne firiji mai aiki da kananzir. Yaran yanzu ba za su yarda cewa da wuta ake sanyaya ruwa ba, amma haka abin yake: akwai tanki a ƙasansa da lagwani, kuma dole harshen wutar ya zama shuɗi, domin da zarar ya koma ja ya fara hayaƙi, to sanyi ya tafi. Baba ne kaɗai ke taɓa lagwanin nan. Kowace Asabar zai durƙusa da ɗan almakashi ya daidaita bakinsa, ya goge bututun hayaƙi, ya tace kananzir da ƙyalle saboda ruwan da 'yan bumburutu ke haɗawa. A cikin firijin akwai man shanu da naman mako, amma a shiryayyen sama akwai alluran rigakafin da nas-nas ke fita da su ƙauye, saboda haka idan lagwani ya mutu cikin dare ba miyar gobe kaɗai ta lalace ba. Na taɓa ganin wani injiniya, wanda aka ce a ƙasarsu manyan injuna yake haɗawa, ya ɓata yini guda yana fama da firijin nan lokacin da Baba ya tafi jana'iza a Mahuta. Da Baba ya dawo ya dube shi, ya ga an ɗan jawo shi daga wurinsa don shara, sai ya samo guntun katako ya cusa a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ya ce irin wannan firiji ba ya aiki in ya karkace. Kafin isha'i ruwa ya yi sanyi.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na daɗe ina juyawa a raina. Duk wanda ya zo, da kalmar taimako yake zuwa a bakinsa, kuma ban taɓa shakkar niyyar mafi yawansu ba, domin mutum ba ya barin gidan ubansa mai ruwan famfo ya zo ya kwana cikin gidan sauro don wasa. Sai dai a watanni ukun farko, idan za a faɗi gaskiya, gidan ne ke renonsu kamar jarirai. Ba su san farashin komai ba, ba su san wace ƙofa ake sallama a wace ake tsayawa ba, ba su san cewa ba a miƙa wa babba abu da hagu ba, ba su san dalilin da ya sa ake kakkaɓe takalmi da safe ba sai ranar da kunama ta koya wa ɗayansu. Kuku da mai wanki da direba da maigadi, wanda tsohon soja ne Badakkare kamar yawancin masu gadin garin, su ne ke tsaye tsakanin baƙo da ƙasar da ya zo taimaka wa, amma a wasiƙun da suke aikawa cocinsu na gida, waɗanda wani lokaci sukan karanto mana don mu ji daɗi, da wuya ka ji an ba wannan ɓangare fiye da layi ɗaya.

Akwai wani saurayi ɗan Kanada da ba na mantawa, mai kirki ƙwarai, wanda ya zo koyar da lissafi. Shi abin da ya dame shi shi ne ganin dattijo kamar Baba yana ɗauke masa faranti. Tun daren farko ya miƙe da farantinsa ya bi Baba har kicin, ya naɗe hannun riga ya fara wanke-wanke. Baba ya yi shiru. Washegari ya sake, har da jawo kujera yana roƙon Baba ya zauna a teburi a ci tare. A rana ta uku Baba ya kira ni, domin ni ke yi musu tafinta da Turancin makarantar sakandare, ya ce, “Kai, gaya wa Malam in akwai laifin da na yi masa ya faɗa mini. In wankin nawa ne bai fita ba, in sake. Amma kada ya sa uwargida ta ga kamar aikin ya fi ƙarfina.” Da na fassara, fuskar saurayin nan ta yi ja wur kamar gauta. A ganinsa girmamawa yake yi, a ganin Baba kuwa ana neman cire masa tuwo a baki ne, kuma ana shigar masa ɗaki ba sallama, domin kicin ɗin nan masarautarsa ce, ko uwargida sai ta ce “Baba, in shigo?” kafin ta taka.

Yadda suka sasanta shi ne abin da ya fi burge ni. Baba bai taɓa zama a teburin ba har ya bar aiki, amma ya gayyaci saurayin gidanmu ranar Juma'a da dare. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Inna ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa, aka sa musu kwano ɗaya shi da Baba. Ya ƙone yatsunsa, miya ta bi masa gwiwar hannu, ƙannena suna leƙe suna ƙunshe dariya, amma ya cinye rabonsa ya ce a ƙara. Daga ranar ya zama ɗan gida. Kowace Juma'a yana zaurenmu, ya iya cewa “Inna, sannu da aiki” yana durƙusawa, kuma da azumi ya kama, shi da kansa ya je ya roƙi uwargida a mayar da abincin dare baya kaɗan, don Baba ya samu ya sha ruwa a zaune.

Hausa ita ce babbar jarrabawarsu. Ko da yake harshen mafi yawan mutanen ƙasar shi ne C'Lela, wato Dakarci, da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi a yawancin coci-coci, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannun mutane tun 1932. Saboda haka kowane baƙo sai an haɗa shi da malamin Hausa, a zauna a baranda da yamma ana nanata “ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya gida, yaya yara.” Abin da ke ba su wahala ba kalmomin ba ne, tsawon gaisuwar ne, da kuma cewa amsar ba ta canzawa ko mutum yana cikin wani hali. Wata nas ta taɓa tambayar Baba cikin damuwa yadda za ta gane marar lafiya, tun da kowa ta tambaya sai ya ce lafiya lau, ko da ɗauko shi aka yi a amalanke. Baba ya ce ta bari a gama gaisuwa tukuna, ta yi shiru kaɗan, maganar gaskiya tana zuwa ne bayan an ce “sai dai.” Sai kuma rikicin ƙarin sauti da baƙaƙe masu lanƙwasa, wanda ya sa wani ya shiga kicin yana neman kuka alhali miyar yake nufi, wani kuma ya kasa raba ƙasa da kasa har ya koma garinsu.

Ciwo kuwa ba ya barin kowa. Zazzaɓin cizon sauro shi ne babban abin tsoronsu, don haka kowa da ƙwayarsa ta kariya. Masu shan meflokin sau ɗaya a mako sukan yi fama da munanan mafarkai, har akwai daren da maigadi ya zo a guje da kwari da baka saboda ihun da wata ta kurma cikin barci. Masu shan doksisaikilin kullum kuma rana ce ke ƙone musu fata fiye da kima. Da hunturu leɓɓansu su tsage, hanci ya riƙa haɓo, da bazara ƙuraje su feso musu a wuya da baya, su fito da katifu baranda su kwana suna jiƙa zane suna lulluɓa. Amma ciwon da ba shi da ƙwaya shi ne kewar gida. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, ta kuma ɗauki lokaci kafin ta iso irin garuruwanmu, wasiƙa ce kawai, kuma ranar da direba ya dawo daga gidan waya za ka ga manya da gemu sun kewaye shi kamar yara sun ga mai alewa. Wanda bai samu ba yakan shige ɗaki ya rufe ƙofa, Baba kuma ya san abin da zai yi: ya gasa ɗan ƙaramin kek na ayaba ya ba ni in ajiye a bakin ƙofar ba tare da na ƙwanƙwasa ba.

A kan masu mako biyu ba zan ɓoye ra'ayina ba. Sukan zo su goma sha, da riguna iri ɗaya, su yi wa aji biyu fenti, su raba alewa da ƙwallo, su ɗauki hotuna, su yi kuka ranar tafiya, alhali kuɗin jirgin mutum ɗaya a cikinsu ya isa a biya masu fentin garin su yi wa makarantar gaba ɗaya. A makonnin nan Baba ba ya samun barcin kirki, mu kuma hannunmu har kanta yake yi saboda guga. Hotunan ne ma suka fi ɓata mini rai da na girma, domin kyamarar ba ta cika tsayawa a kan sabon gini ko ɗalibi mai tsabta ba, sai a kan yaro mai majina da tsagaggen wando. Matsalar tsohuwa ce: a watan Oktoba na 1961 wata 'yar Amurka daga rukunin farko na Peace Corps, ƙungiyar masu aikin sa-kai ta gwamnatin Amurka, ta rubuta kati zuwa gida tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani, katin ya faɗa hannun ɗalibai a jami'ar Ibadan, aka yi zanga-zanga har ta bar ƙasar. Uwargidan masaukinmu takan ba sababbin zuwa wannan labari, ta ce duk abin da ba za ka iya karanta wa Baba a gabansa ba, kada ka rubuta shi.

Masu daɗewa kuwa wani abu ne daban, kuma a kansu bakina ba zai faɗi sai alheri ba. A 1996, shekarar da sanƙarau ya yi mummunar ɓarna a arewacin Najeriya, akwai wata nas da wa'adinta ya cika, an riga an saya mata tikiti, ta ce ba inda za ta. Takan fita kafin a kaɗa ƙararrawa, ta dawo bayan an kashe janareta, ta ci abincinta a tsaye a ƙofar kicin, Baba yana yi mata faɗa kamar 'yarsa: “Ke 'yar nan, in kin faɗi wa zai ɗauke ki?” Ta iya ɗaura zane, ta iya zama da matan zumunta suna buga tulu suna waƙa, ta san sunan kowace unguwarzoma a ƙauyukan da take zuwa awo, kuma kafin ta tafi ta koyar da mata biyu 'yan garin duk abin da ta iya, ɗayansu har yanzu ita ake tasa cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama.

Ranar tafiya ma tana da nata rikicin. Baƙo ba ya komawa da kaya, sai ya rabar da tocila da rediyo da takalma da ragowar sabulu, kuma idan bai yi shawara da Baba ba, sai ya ba mai wanki abin da ya fi na direba, a kwana biyu ba a ga maciji tsakanin mutanen da suka shekara goma suna cin kwano ɗaya. Daga baya aka kafa doka cewa komai a tara a sito, sai Kirsimeti a raba, mu kuma a ba mu namu da ƙaramar salla.

Abin ya fara ja da baya ne bayan watan Mayu na 2011, lokacin da aka sace wasu injiniyoyi biyu, ɗan Ingila da ɗan Italiya, a Birnin Kebbi, aka kuma kashe su a Sakkwato a watan Maris na 2012 yayin yunƙurin ceto su. Daga nan ƙungiyoyin da ke turo mana baƙi suka fara janye ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Da matsalar 'yan bindiga ta mamaye dazukan Danko-Wasagu da Sakaba, har aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, sai maganar ta mutu gaba ɗaya, domin hanyoyin da masu rijiya ke bi da a-kori-kura ko ɗan gari ba ya bin su da yamma.

Da na je gida da babbar sallar bara na leƙa masaukin. Ɗakuna biyu 'yan bautar ƙasa ne a ciki, ɗakin ƙarshe kuma, wanda nas ɗin nan ta zauna, wani fasto ne da iyalinsa da suka baro ƙauyensu da abin da suka iya ɗauka a ka. An sa sola a rufin falo, firijin kananzir yana sito an mayar da shi ma'ajiyar hatsi saboda ɓera. Matar da ke girki yanzu, wadda a hannun Baba ta koyi aiki, ta jawo ni kicin ta nuna mini tukunyar tace ruwa tana nan a kusurwarta, ta ce duwatsun ciki sun tsage tun bara, ta tambaye ni ko zan duba mata irinsu idan na koma Kaduna. Na auna tsawonsu da igiya, na ƙulle ta na sa a aljihu.